Yadda Na Gyara Tuwon Shinkafa a Kicin ɗin Ɗalibai a Ingila

Tuwon shinkafa ya ƙi haɗe mini, ashe matsalar daga shinkafar take. Basmati, wadda ta cika kantuna a Ingila, warwara take yi, ba ta da danƙo, ko ka kwana kana tuƙi ba za ta haɗe ba. Na koma sayen gajeriya mai ƙiba, wadda Turawa ke dafawa da madara da sukari. Ta sushi, wani abincin Japanawa, ma tana yi, sai dai tsada.

Kofi 1 na shinkafa, kofi 4 na ruwa. A jiƙa ta minti 30, a wanke sau ɗaya kawai, don yawan wanki na tafiyar da danƙon. A rufe ta dahu luguf, kamar minti 35, sannan a tuƙa. In ya yi ruwa, a barbaɗa garin shinkafa cokali 2, a bar shi ya turara minti 5.

Murhun lantarki kuma ba ya hucewa da wuri, shi ke sa ƙanzo. Da shinkafar ta tafasa a rage wutar murhun zuwa lamba 2.

Wajen miya, kada a bari manja ya yi hayaƙi. Ƙararrawar gobara ba ta san girki ba, duk ginin za ta fito da shi waje cikin sanyi. A kunna fankar saman murhu tun kafin a ɗora tukunya.