Darasi na Bakwai: Wa Za Ta Fara Kwasar Adashe?

Duk mai zubin adashe ya san ranar da ake tada jijiyar wuya: ranar da za a tsara kwasa. Kowa na son kwasar farko, balle idan Sallah ta ƙarato ko akwai biki a gaba. Yau za mu ƙirga hanyoyin da za a iya jera masu kwasa, sannan mu duba ko gaskiya ne wadda ta fara zura hannu cikin ƙwarya ta fi sauran sa'a.

Kowa ya samo goro, dabino da tsakuwa ya ajiye a gabansa kan tabarma. Goro shi ne mai fura, dabino mai ƙuli-ƙuli, tsakuwa kuma mai ɗinki, mata uku da ke zubi tare a wata unguwa kusa da Hubbaren Shehu a Sakkwato. Ku jera su daga dama zuwa hagu, ku sake jeri, ku yi ta sakewa har sai kun rasa sabo. Wanda bai yi tsallake ba, zai sami jeri shida:

goro, dabino, tsakuwa
goro, tsakuwa, dabino
dabino, goro, tsakuwa
dabino, tsakuwa, goro
tsakuwa, goro, dabino
tsakuwa, dabino, goro

Me ya sa shida? Kwasar farko mutum uku ke iya samunta. Da an ba ɗaya, saura biyu ke jiran ta biyu. Ta ƙarshe kuwa ba zaɓi, wadda ta rage ita ce. Sai mu ce 3 × 2 × 1 = 6. In mata huɗu ne, 4 × 3 × 2 × 1 = 24. In biyar ne, 120. Adashen mutum goma, irin wanda 'yan Tsohuwar Kasuwa kan yi, yana da jeri 3,628,800. Kada wanda ya ce zai gwada wannan da tsakuwa, zai tsufa bai gama ba.

Wannan lissafi ba baƙo ba ne a zauren karatu. Khalilu ɗan Ahmad, malamin lugga na birnin Basra a ƙarni na 8, wanda ya tsara ilimin aruli, wato ma'aunin waƙa, da shi ya tattara kalmomin Larabci. Yakan ɗauki baƙaƙe uku ya juya su ta fuska shida, ya ware waɗanda Larabawa ke furtawa da waɗanda ba su da ma'ana. Ku duba kaf, lam da mim: daga cikinsu muka sami kalma, muka sami kamala, muka sami mulki. Baƙaƙen ba su canza ba, wurin zamansu ne ya canza.

Mu koma ga ƙuri'a. Uwar adashe ta rubuta 1, 2, 3 a ƙananan takardu, ta naɗe, ta zuba a ƙwarya ta girgiza. Nan take za ka ji wata ta ce, "Inna, ni zan fara ɗauka, kada a bar mini saura." Ku sake duba jerin nan shida. Goro ya zo farko sau nawa? Sau biyu. Dabino sau biyu, tsakuwa ma sau biyu. Biyu cikin shida daidai yake da ɗaya cikin uku. Wannan shi muke kira yiwuwa: a ƙirga hanyoyin da abin da kake so zai faru, a gwama da jimillar hanyoyin duka. Ko mai ɗinki ce ta ɗauki takardar ƙarshe, rabonta ɗaya cikin uku ne, kamar na wadda ta riga kowa. Gaskiya ne mai fura na iya cafke lamba 1 tun farko, amma sau biyu cikin uku za ta kuskure ta, ta bar wa na baya. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a ganina nan ya kamata a sa ido maimakon gardamar wa zai fara: takardun su zama girma ɗaya, naɗi ɗaya, a kuma girgiza sosai. In ɗaya ta fi kauri, lissafi ya rushe.

Akwai inda wannan ilimi ke tsare aljihu. Lambar sirri ta katin banki gurbi huɗu ce, kowane gurbi daga 0 zuwa 9, kuma ana iya maimaita lamba. Don haka a nan ba a ragewa: 10 × 10 × 10 × 10 = 10,000. Wanda ya tsinci katinka yawanci gwaji uku gare shi kafin a toshe, wato uku cikin dubu goma. To amma a ce yana tsaye bayanka wajen mai POS, ya hango ka danna 2, 5, 7 da 9, bai dai riƙe wadda ta riga wata ba. Lambobi huɗu mabambanta, jeri 24 kacal. Gwaji uku cikin 24 ɗaya cikin takwas ke nan. Mai sa shekarar haihuwarsa shi ma ya rage wa ɓarawo aiki: daga 1950 zuwa 2009 shekara 60 ce, gwaji uku ya zama ɗaya cikin ashirin, ga shekarar kuma rubuce a katin shaida cikin walat ɗaya da katin banki.

Aikin gida: mutum shida suka shiga adashe. Jeri nawa za a iya yi, kuma cikin su sau nawa mai fura za ta zo farko? Sannan ku naɗe takardu uku, ku yi ƙuri'a sau talatin da yaran gida, kuna jan layi a bayan littafi duk lokacin da mai ɗaukar ƙarshe ya sami lamba 1. Ku zo da littafin ranar darasi na gaba, za mu haɗa na kowa a kan allo.