Idan darakta ya ƙi kiɗan da kuka haɗa wa fim ɗinsa

'Yan'uwa masu haɗa kiɗan fim a Zangon Kumasi, idan darakta ya dawo muku da aikinku, kada ku yi saurin ɗauka cewa basirarku ce ta gaza. Sau da yawa ya riga ya tace fim ɗin da kiɗan aro a ƙarƙashinsa, kunnensa ya saba da shi, har duk wani sabon sauti ya zama baƙo a wurinsa. Ku tambaye shi cikin ladabi wane fage ne bai gamsar da shi ba, domin galibi kiɗan ne ke danne maganar 'yan wasa, musamman a finafinan Kumawood, masana'antar fim ta Kumasi, da hira ta yi yawa a cikinsu.

Abin da ya fi damuna shi ne mallakar kiɗan. A Dokar Haƙƙin Mallaka ta Gana ta 2005, haƙƙin cin moriyar aikin da aka ba mutum kwangila yana komawa ga wanda ya ba da kwangilar, sai dai idan yarjejeniya ta ce akasin haka. Saboda haka ku rubuta tun farko cewa kiɗan da aka ƙi naku ne, sannan ku nuna shi ga ɗaliban makarantar koyon fim da talabijin ta Accra, wadda aka sani da NAFTI, masu neman kiɗa don gajerun finafinansu.