Direbobin hanyar Bauchi zuwa Gombe, a sassauta ƙafa

Salamu alaikum 'yan uwa direbobi, musamman masu jan motar ofis da masu lodi a tasha.

Daga Bauchi zuwa Gombe kusan kilomita 150 ne. A gudun kilomita 100 a awa, awa ɗaya da rabi za ka yi. Ka taka 120, minti 15 kacal ka rage, su ɗin ma sai ka bar su a cikin Alkaleri, inda masu babur da 'yan talla ke tare titi. Alhali in gudu ya ninka, nisan da mota ke ja kafin birki ya tsayar da ita sau huɗu yake ninkawa. Saniya ɗaya ta faɗo titi a kan kwana, shi ke nan.

Ka'idar FRSC, wato hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ga motar haya 80 ce a babbar hanya, 50 a cikin gari.

Oga mai cewa "taka mana, mun makara" shi ne babbar matsalar. Tun da daddare ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ƙarfe shida ya kamata mu tashi." Da asuba kuma ka duba iskar taya tun ba ta ɗau zafi ba.