In an tura ka buɗe sabon coci, ga yadda za ka yi da iyalinka

Toh ɗan'uwa mai bishara, an ɗora maka hannu an yi addu'a, ka kwaso uwargida da yara da katifa da buhun masara a bayan a-kori-kura sai ƙauyen da aka tura ka. Ko ɗan cocin ECWA ne kai ko COCIN ko HEKAN ko Baptis duk labarin ɗaya ne, cocin nan a tsakar gidanka zai fara, ba gini ba benci ba komai. Mu da muka fara a wani ƙauyen Maguzawa ta wajen Malumfashi mu bakwai ne Lahadin farko, in ka cire ni da matata da yaranmu uku saura mutum biyu, ɗayan ma kiɗan ganga ya ji ya leƙo.

Ba abin kunya ba ne, Akila da Biriskila, mata da miji abokan aikin Manzo Bulus, ma a gidansu ikilisiya take taruwa, duba 1 Korantiyawa 16:19. Amma kada ka bari abin ya daɗe haka. Kafin wata biyu ka nemi itace da zana ka kafa rumfa a waje ko da taku ashirin ne daga ƙofar gida, ka ce nan ne wurin sujada. Tabarmar coci daban ta gida daban. Ni sai da na yi sake wani dattijo ya fara zuwa addu'a tun kafin zakara ya yi cara, ya zauna daf da ƙofar ɗakinmu yana tari, Maman yara kuma tana son fita bayan gida ba hali, kusan sati uku tana haƙuri ban ma lura ba sai ranar da na same ta tana kuka a madafa. Tun daga nan na ce wa kowa mai neman addu'a ya same ni a rumfa bayan fitowar rana, in ba ciwo ko rasuwa ba. Ba wanda ya yi fushi, ni ne dai nake tsoron banza.

Sai maganar aikin matarka, nan ne mu maza muke yawan cin amana ba mu sani ba. In ba ku zauna kun yi magana ba za ka farka ka ga ita ce shugabar Zumuntar Mata, ita ce malamar Sande sukul, wato ajin yara na ranar Lahadi, ita ke bada waƙa, ita ke shara, ita ke dafa wa baƙi, in wata na naƙuda da tsakar dare ita za a buga wa ƙofa, kuma ko sisi ba a ware mata ba. Ka tambaye ta da bakinka wanne take so, ta zaɓi biyu, sauran a bar su su jira har Allah ya kawo mutane. Kuma ka tuna akwai gidajen da kai namiji iyakarka zaure, ita ce za ta shiga har ƙuryar ɗaki ta zauna da matan, ta taya su surfe suna hira, can ne bishara take shiga da gaske. Toh in ita ke wannan aikin da kai ba za ka iya ba, ɗaukar jarka zuwa rijiya ko share rumfa ba zai rage maka girma ba. Za a yi ta gulma wai Malam mijin-ta-ce ne, a yi, kwana nawa ne.

Kuɗi kuwa kada su taɓa kwana a jakar matarka ko aljihunka. Ko naira ɗari biyar ce baikon, wato abin da masu sujada suka bayar, mutum biyu su ƙirga a gaban jama'a a rubuta a littafi. A ƙauye baiko ba kullum kuɗi ba ne, wata za ta kawo ƙwai uku wani damin dawa wani ɗan zakara, shi ma a rubuta, kuma a faɗa a fili wanne na coci wanne na gidan Malam, don ranar da rigima za ta tashi a kan zakaran nan sunan matarka za a fara kira. Ka je wurin mai unguwa ka nemi aron gona tun kafin ruwan fari. Bulus ma ɗinkin tanti yake yi a Koranti, yana nan a Ayyukan Manzanni 18:3, saboda haka kada ka zauna jiran alawus yara suna kallon tukunya. Da damina ka mayar da addu'ar tsakiyar mako zuwa dare, ba mai barin noma ya zo maka da la'asar. Hatsin baƙi kuma ku auna shi daban a farkon wata, mudu kaza, in ya ƙare baƙo ya sha ruwa da fara'a.

Yara fa ba su aka kira ba, kai aka kira. Kafin ma ka tare ka je ka ga inda firamare take da inda asibiti mafi kusa yake, ka san mai babur ɗin da zai tashi maka da dare, ka sayi gidan sauro. Kada ka riƙa kafa misali da laifinsu a wa'azi, ɗana na fari har yau yana tuna ranar da na ba da labarin satar gyaɗarsa mutane suka yi ta dariya, ni na manta shi bai manta ba. Ayar nan ta 1 Timoti 3:4-5 da ake yawan ɗaga wa 'ya'yan fasto kamar bulala, in ka karanta da kyau uban ake aunawa, shi ake tambaya ko ya iya riƙon gidansa.

Ka ware rana ɗaya, mu Litinin muka ɗauka tunda Lahadi ta gama tatse mu. Yesu da kansa ya ce wa almajirai su koma gefe su ɗan huta a Markus 6:31, lokacin ko zarafin cin abinci ba su da shi. Amma hutun ba zai yiwu ba sai ka koya wa wani aiki, shawarar da Yetro ya ba surukinsa Musa kenan a Fitowa 18. Tun wata na uku ka fara ba wani saurayi karatun Littafi Mai Tsarki a sujada ko da yana in'ina, a hankali ka tura shi gaida marasa lafiya. Litinin ɗin farko tabbas wani zai yi sallama, ka fito ka gaisa da kyau ka tambayi lafiyar gida, in ba gaggawa ba ka ce masa yau ranar Mama da yara ce, gobe da safe ina rumfa, ka koma ciki ka ƙarasa kunun ka.