Matakan samun lasisin ba masu shaye-shaye shawara a jihar Texas

A Amurka kowace jiha tana da nata sharuɗɗan, saboda haka waɗannan matakai na Texas ne kaɗai, inda ake kiran lasisin LCDC.

Da farko, dole ne ka kai shekara 18 kuma ka kammala sakandare. Daga nan sai ka yi karatun aji na awa 270, wanda aƙalla awa 135 daga ciki za su kasance kan matsalar ta'ammali da ƙwayoyi da barasa, sannan ka ƙara da awa 300 na koyon aiki a cibiyar jinya.

Bayan an ɗauki hoton yatsunka an binciki tarihinka, ka yi rajista a matsayin mai koyon aiki a Hukumar Lafiya da Jin Daɗin Jama'a ta jihar.

Mataki na gaba shi ne mafi tsawo: awa 4,000 na aiki ƙarƙashin kulawar ƙwararre, wato kusan shekara biyu ga mai aiki cikakken lokaci. Yana da kyau ka riƙa adana shaidar awanninka tun daga ranar farko, domin da ita hukuma za ta tantance ka.

Kafin a ba ka lasisi, sai ka mallaki shaidar karatun kwaleji na shekara biyu ko sama da haka, ka kuma ci jarrabawar rubutu.