Kai ƙorafin kulob gaban Hukumar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a: kurakuran da aka fi yi

Mai keken guragu ya je walima a kulob, ya tarar da matakala babu gangara, masu gadi suka ce sai dai a ciccibe shi a shiga da shi. Wannan cin fuska ne, kuma yana da haƙƙin ya nemi gyara. Amma da yawa kan ɓata ƙorafinsu tun wajen zaɓen ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Babban kuskure shi ne ɗaukar Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tamkar kotu. Aikinta bincike da ba da shawara. Ba ta cin tara, ba ta tilasta wa kulob fasa matakala. Huruminta ya shafi ma'aikatun gwamnati, ƙananan hukumomi da kamfanonin da aka yi wa rajista, har da masu zaman kansu. To, kulob ɗin mambobi sau da yawa ƙungiya ce a hannun amintattu, ba kamfani ba, kuma nan lauyansa zai fara tsayawa ya ce hukumar ba ta da hurumi. Kafin ka rubuta komai, duba irin rajistarsa a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista.

Wasu kuma sukan tsallake kulob ɗin kansa. Dokar hukumar ta ce sai mai ƙorafi ya bi hanyoyin da ke akwai tukuna. Rubuta wa sakataren kulob, ka sa rana, ka haɗa hoton ƙofar da na ban-ɗaki, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi.

Kada ka bari wata 12 ya wuce daga ranar da abin ya faru ba ka kai ƙorafi hukumar ba, kuma kada maƙwabci ya shigar maka da sunansa, dole abin ya shafi mai ƙorafin. In maganar tana gaban kotu, hukumar ba za ta taɓa ta ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara, wa'adin ya cika a 2024. Ta tanadi tarar naira miliyan 1 ga kamfanin da ya nuna wariya, kuma wanda aka zalunta zai iya zuwa kotu da kansa. Idan kulob yana ba da hayar zaurensa don biki ko taro, nuna hakan ƙarara a takardarka, domin shi ne hujjar cewa jama'a na amfani da ginin. Sannan ka aika kwafi ga Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da ke Abuja.