Kurakuran da ke raunana rahoton lafiyar ƙwaƙwalwa a shari'ar zama a Amurka

Lauyan shige da fice a Amurka yakan tura mai neman mafaka, ko matar da mijinta ɗan ƙasa ke gallaza wa, wurin masanin halayyar ɗan Adam don ya rubuta rahoto kan irin tabon da abin ya bar mata a zuciya. Rahoton ba takardar zama ba ne, hujja ce da alƙali ko jami'in USCIS, hukumar kula da shige da fice da ba da takardar ƙasa ta Amurka, zai auna.

Kuskuren da ya fi cin mutanenmu shi ne dauriya. A tambayi mutum yaya barci, ya ce "Alhamdulillahi, da sauƙi", alhali rabonsa da barcin kirki tun daren da aka ƙone ƙauyensu. Likita kuwa abin da ya ji shi zai rubuta. Godiya ga Allah daban, bayanin ciwo daban. Faɗi komai filla-filla: kana farkawa a firgice jiki sharkaf da gumi, gabanka na faɗuwa da ka ji ƙarar babur, ka daina shiga taro, kana mantuwa a wurin aiki. Ko ciwon kai da zafin ƙirjin da asibiti ya rasa dalilinsu, ka ambata.

Sai batun tafinta. Wace mace ce za ta buɗe baki ta faɗi fyaɗe a gaban ƙanin mijinta? A nemi tafinta wanda ba dangi ba, in da hali mace ga mace.

Akwai kuma masu ƙara gishiri, wai don labari ya yi nauyi. Tun dokar REAL ID ta 2005, alƙali na iya ƙin gaskata mutum saboda saɓani ko da ƙarami ne tsakanin maganganunsa. In ka ce wa likita Maris, a fom ɗin neman mafaka na I-589 kuma ka rubuta Yuli, ka ba lauyan gwamnati makami. In rana ta shige maka, ce ka manta. Firgici yakan hargitsa tunawa, kuma likita zai iya bayyana wa kotu hakan.

A neman afuwa ta I-601A, wato afuwar zaman da mutum ya yi a Amurka ba bisa ƙa'ida ba, mutane kan kai wa likita wanda ba shi doka ke dubawa ba. Wahalar da ake aunawa ta miji, mata ko iyaye ce masu takardar ƙasa ko katin zama na dindindin. Halin 'ya'ya yana shiga ne kawai ta yadda yake shafar waɗannan.

Kada kuma a yi jinkiri. Ƙa'idar neman mafaka shekara 1 ce daga shigowa. Wanda ya wuce wa'adin saboda tsananin matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, rahoton zai iya zama uzurinsa. Kafin a miƙa shi, a sa tafinta ya karanta maka layi-layi a gaban lauyanka, a gyara suna ko kwanan watan da aka rubuta ba daidai ba.